"Ana Duba Maganarku": Yadda Ake Amfani Da "Look Into" A Wasiƙun Hukuma

Tun daga Gidan Goga, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Maradun a Jihar Zamfara, har zuwa Bakura da Talata Mafara, da wuya a sami ƙauyen da bai taɓa aika takardar koke zuwa ga hukuma ba. Wani lokaci a kan rijiya ne, wani lokaci a kan kwalbatin da ruwa ya cinye, ko rufin makarantar firamare da iska ta yaye, ko takin zamani, ko diyyar gona, ko kuwa, a 'yan shekarun nan, a kan tsaron rayuka da dukiyoyi. Dattawa kan taru a ƙofar gidan mai gari, a nemo malamin makaranta ko wani ɗalibi ya rubuta da Turanci, masu sa hannu su sa, masu dangwala yatsa su dangwala, sa'an nan a kai ofis. In an yi sa'a, bayan 'yan makonni sai amsa ta iso cikin ambulan mai hatimi.

Sau da yawa amsar ba ta wuce layi biyu ko uku, kuma kusan kullum ga yadda take: "I am directed to acknowledge receipt of your letter and to inform you that the matter is being looked into." Sai a miƙa wa ɗalibin nan ya karanta ya fassara wa iyayensa. To, a nan ne ake yin ta. In ya ce musu, "Baba, sun ce an fara bincike," sai dattawa su watse da murna, suna sauraron zuwan jami'ai gobe ko jibi. In kuwa ya ce, "Sun ce dai za a duba," sai wasu su yi murmushi su kaɗa kai, don sun taɓa jin irinta. Abin da ya fito daga bakin yaron nan shi zai sa jama'a su zauna su jira, ko su sake rubutawa, ko su tashi wakilai zuwa Gusau.

Saboda haka waɗannan 'yan kalmomi biyu, "look" da "into", sun cancanci a tsaya a kansu. Ma'aikacin gwamnati yana rubuta su kusan kowace rana, ɗalibi yana cin karo da su a jarrabawa, talaka kuwa a kansu yake gina fatansa.

AIKATAU MAI ƊAN RAKIYA

"Look into" tana cikin jinsin kalmomin da masu koyar da Turanci ke kira "phrasal verb", watau aikatau mai tafe da ɗan rakiya. Aikatau ɗin yawanci gajere ne, irin su "look", "take", "put", "set" da "bring". Ɗan rakiyar kuwa wata 'yar ƙaramar kalma ce kamar "up", "off", "out" ko "into". Idan suka haɗu sai su haifi ma'anar da babu ita a cikin ko ɗayansu. "Look" ita kaɗai dubawa ce da ido. Amma "look after" kula da wani ne, "look for" nema ne, "look down on" raini ne, "look into" kuwa bin ba'asin wani al'amari ne don a gano gaskiyarsa.

Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, domin harshensa cike yake da irinsa. A ɗauki kalmar "ci". Akwai cin abinci, da cin kasuwa, da cin jarrabawa, da cin amana, da cin mutunci, da ci gaba. Haka kuma "sa": sa hannu daban, sa ido daban, sa baki daban, sa rana daban. Baƙon da ya haddace cewa "ci" tauna abinci ne da haɗiyewa, ranar da aka ce masa wane ya ci kasuwa sai ya rasa inda zai sa kansa. Haka abin yake ga ɗalibin da ya san "look" amma bai san 'yan rakiyarta ba.

Su kansu Turawa sun daɗe da sanin wuyar waɗannan kalmomi. Samuel Johnson, wanda ya fitar da shahararren ƙamus ɗinsa cikin 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi yana cikin abubuwan da suka fi ba baƙo wahala a Turanci. Sunan "phrasal verb" kuwa ya bazu ne bayan 1925, sa'ad da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a littafinsa mai suna Words and Idioms.

Akwai kuma wani ɗan tarihi da ke taimakawa. Cikin 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka riƙe fada da kotu, har Faransanci da Latin suka zama harsunan mulki da shari'a na ƙarnoni. Wannan ne ya bar wa Turanci kalmomi biyu-biyu a abubuwa da yawa, ɗaya gajera ta gida, ɗaya doguwa ta aro: "put off" da "postpone", "set up" da "establish", "look into" da "investigate". Ita "investigate" ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin sawun ƙafa, watau bin sawu ke nan, yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace. "Examine" kuwa ta fito ne daga sunan harshen sikeli, watau aunawa. Wanda ya san haka ba zai ɗauka duk ma'anarsu ɗaya ba.

ƘA'IDOJIN DA AKA FI TAKAWA

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a raba "look" da "into". Ana cewa "look into the matter" ko "look into it", amma ba a cewa "look the matter into". Wannan yakan rikita ɗalibai domin wata 'yar'uwarta, "look up", mai nufin neman kalma a ƙamus, ana raba ta, har ma tilas ne a raba in an zo da wakilin suna: "look it up". Dalili shi ne "into" tana jan karɓau ɗinta a bayanta ko da yaushe, kamar yadda "cikin" ke yi a Hausa. Ba mai cewa "ya shiga ɗaki cikin".

Ta biyu, a lura da abin da ke biye da ita. Har yanzu "look into" tana riƙe da ma'anarta ta asali, watau leƙawa. In jama'a sun kawo kuka a kan rijiyar da ta ƙafe, aka rubuta musu "The engineer has looked into the well", abin da aka gaya musu shi ne injiniya ya zo ya leƙa cikin rijiyar ya tafi. In ana nufin ya binciki matsalar, sai a ce "looked into the problem of the well", ko "looked into why the well dried up". A rubutun ofis, abin da ya kamata ya biyo bayanta shi ne irin su "matter", "complaint", "allegation", "cause" ko "possibility".

Ta uku, in aiki ne zai biyo baya, sai a ƙara masa "-ing". Ana cewa "The Council will look into building a new culvert", ba a cewa "look into to build". Ana kuma iya biyo ta da "why", "how" ko "whether".

Ta huɗu ita ce wadda har manyan ma'aikata ke tuntuɓe a kanta. Mutum ya fara rubuta "look into", sai ya ga kamar ta yi masa ƙanƙanta, ya soke "look" ya sa "investigate", amma ya manta da "into" a wurin. Sai a sami "investigate into the matter", wadda ba a karɓarta a daidaitaccen Turanci. Daidai shi ne "investigate the matter". Amma in suna ne, to "into" tana nan: "an investigation into the matter", "an inquiry into the matter". Haka nan aikatau "inquire" tana tafiya da ita: "inquire into".

Ta biyar, in an juya jimla aka kawo karɓau gaba, "into" ba ta faɗuwa. "The matter is being looked into" ita ce daidai. Wanda ya tsaya a "is being looked" ya bar jimlarsa ba kai.

Ta ƙarshe, a kiyayi 'yan'uwa masu kama da juna. "Look over" dubawa ce sama-sama, "overlook" kuwa tsallake abu ne ko kau da kai daga gare shi. Sakataren da ya rubuta a bayanin taro cewa kwamiti ya "overlooked the petition", alhali yana nufin sun karanta takardar, ya shaida da hannunsa cewa sun yi watsi da ita.

KO TA DACE DA WASIƘAR OFIS?

Akwai malaman da ke gaya wa ɗalibai cewa duk wani aikatau mai ɗan rakiya maganar kasuwa ce, bai dace da rubutun hukuma ba. Wannan magana ta wuce gona da iri. Gaskiya ne akwai waɗanda ba su dace ba, irin su "mess up" da "rip off". Amma "carry out", "set up", "draw up" da "look into" suna nan birjik cikin rahotannin gwamnati da jaridu da muhawarar majalisa, a Nijeriya da Ingila da Amurka. A Ingilar ma, Baitulmalin ƙasar ne ya nemi Sir Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati littafin Plain Words, wanda ya fito cikin 1948, kuma babban darasinsa shi ne ma'aikaci ya zaɓi gajeriyar kalmar da kowa ya sani, ya faɗi abin da yake nufi sarai.

Duk da haka akwai wurin da "look into" ba ta isa ba, watau inda doka ke ba da iko. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 88, ya ba Majalisar Tarayya ikon sa a yi bincike, sashe na 128 kuma ya ba majalisun jihohi irin wannan iko, kuma kalmar da ke wurin ita ce "investigation". Haka nan in za a kafa hukumar bincike mai ikon kiran shaidu, akan rubuta mata sharuɗɗan aikinta da "inquire into". Dalili kuwa a fili yake. Bincike irin wannan yana da mai yinsa, da iyakarsa, da rahoton da zai biyo baya. "Look into" ba ta ɗaure kowa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum na iya karanta fayil na minti biyar ya ce ya duba, kuma bai yi ƙarya ba.

Wannan sassauci shi ne amfaninta, shi ne kuma illarta. Ƙaramin ma'aikacin da koke ya iso hannunsa ba shi da ikon yin alkawari, bai kuma kamata ya yi shiru ba. "Look into" ta ba shi hanyar amsawa cikin ladabi ba tare da ya ɗora wa gwamnati nauyin da ba a umurce shi ba. Amma kalmar da ke rufa wa mai gaskiya asiri, ita ce kuma malalaci ke fakewa a bayanta.

INA MAI DUBAWAR?

A sake duban jimlar nan da aka aiko wa mutanen ƙauye: "the matter is being looked into". Nahawunta ba shi da aibi ko kaɗan. Abin da ta rasa shi ne aikau, watau ba ta faɗi wanda ke dubawar ba. Hausa ma tana da irin wannan dabara, wato "an", "ana" da "za a". In aka ce "ana dubawa", ba wanda za a kama a ce kai ne. Bayan haka jimlar ba ta faɗi ranar da aka fara ba, ba ta faɗi ranar gamawa ba, ba ta kuma ce za a sake waiwayar masu koken ba.

Abin mamaki shi ne a cikin ofis ɗin kansa ma'aikata sun san muhimmancin suna da rana. Duk wanda ya taɓa riƙe fayil ya san haruffan da ake rubutawa a kai, kuma yawancinsu aikatau ne masu 'yan rakiya. B.U. na nufin "bring up", watau a sake kawo fayil ɗin, kuma ba a rubuta ta sai da kwanan wata, domin akawun da ke ajiye fayiloli ya shigar cikin littafinsa ya fito da shi ranar. P.A. na nufin "put away", an gama, a mayar ma'ajiya. In babba ya ce wa na ƙasa da shi "put up a draft", ya san wanda ya umurta, kuma zai tambaye shi. Sai K.I.V., "keep in view", wadda ma'aikata da kansu ke yi wa ba'a, domin fayil ɗin da ya sami wannan tambari ba tare da rana ba yakan yi barci har ƙura ta rufe shi.

Tun zamanin En'e, da kuma makarantar horar da akawuna ta Zariya wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo, abin da ake koya wa ma'aikaci ke nan: kowace takarda da mai ita, kowane aiki da ranarsa. Abin tambaya shi ne, me ya sa ranar da ake rubutawa a bangon fayil ba ta fitowa a wasiƙar da ake aika wa mai koke?

DARASIN BAKALORI

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da jira ke haifarwa. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima wadda aka kafa cikin 1973. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Tafkin da aka tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili kimanin hekta 8,000. Manufar ita ce a yi noman rani na zamani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Amma ruwan ya cinye gidaje da gonaki, aka tashi dubban mutane, musamman a wajen Maradun. A filayen da za a shayar kuwa, an hana manoma shuka yayin da ake baje ƙasa ana haƙa magudanai, an kuma sare itatuwa masu amfani. Cikin 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta fito, ta mai da ikon ƙasa hannun gwamna. Manoma suka yi ta kai kuka a kan diyya da jinkirin biyanta da yadda ake sake rabon gonaki. Da jira ya yi tsawo, sai suka fara tare hanyoyi suna hana aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka masu yawa. Adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen wurin ke faɗi sun yi nisa da juna ƙwarai.

Tushen rikicin Bakalori ƙasa ce da diyya. Amma duk wanda ya karanta tarihinsa zai ga cewa tsakanin ranar da manomi ya fara kuka da ranar da aka harba bindiga akwai shekaru, kuma cikin shekarun nan abin da manomi ya rasa shi ne amsa tabbatacciya: nawa za a biya shi, wa zai biya, yaushe. Manomi yana da kalandarsa wadda ba ta jiran fayil. A wannan yanki damina kan sauka wajen watan Yuni, kuma wanda bai san matsayin gonarsa ba kafin lokacin ya yi asarar shekara guda. Ga mutumin da ke ofis, "ana dubawa" na iya ɗaukar wata shida ba abin da ya ɓaci. Ga mai iyali a ƙauye, wata shidan nan shi ne rumbunsa.

DUBAWA MAI SUNA DA RANA

Ba kowace dubawa ce ke zama jiran gawon shanu ba. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da Hukumar Udoji ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ta cikin 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ta duba tsarin aikin gwamnati da albashi, ta miƙa rahotonta cikin 1974, aka kuma biya ƙarin albashin da har yau ake kira kuɗin Udoji. Ko an yaba sakamakon ko an kushe, an san wanda ya duba, an san abin da ya gano.

Cikin 1975 aka kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da dokar soja mai lamba 31, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya shugabance ta cikin 1976. Aikinta shi ne bin kadin talakan da wani ofis ya zalunta ko ya yi banza da shi. Cikin 2011 kuma aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ce hukumar da aka nemi bayani a wurinta ta amsa cikin kwana 7. A Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato cikin 1996, Gwamna Bello Matawalle, ɗan asalin Maradun wanda ya yi mulki daga 2019 zuwa 2023, ya kafa kwamiti cikin 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda Muhammad Dahiru Abubakar don ya binciko hanyar magance ta'addancin 'yan bindiga, kwamitin kuwa ya miƙa rahotonsa cikin shekarar. Ko an aiwatar da rahoto ko ba a aiwatar ba, wannan wata magana ce, amma aƙalla jama'a sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa su tambaya.

GA MA'AIKACI DA ƊALIBI DA MAI FASSARA

Ma'aikacin da zai amsa koke ba sai ya guji "look into" ba. Abin da ake so shi ne ya cika ta da abubuwa uku: wa, me, yaushe. A gwada wasiƙar farko da wannan: "The Director of Works has been asked to look into the collapse of the culvert. He will visit the site on 14 May and report to the Chairman by 31 May. You will be informed of the decision in writing." Ba a yi alkawarin gina kwalbati ba, ba a ɗaure gwamnati da kashe ko kwabo ba, amma mai koke ya san wanda zai zo, da ranar zuwansa, da ranar da ya kamata ya sake tambaya. In kuwa ma'aikaci ya rubuta "has been looked into", watau an riga an duba, to wajibi ne jimla ta gaba ta faɗi abin da aka gano. In amsar a'a ce, a faɗe ta da dalilinta. Wanda aka ce wa babu ya san inda zai nufa, wanda aka bari da "ana dubawa" kuwa an ɗaure shi ba igiya.

Ɗalibi kuma, ko na sakandare ne mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ya sani cewa wasiƙar ofis tana cikin abubuwan da ake yawan tambaya a takardar Turanci. Masu gyara suna duba abin da aka faɗa, da tsarinsa, da dacewar kalmomi, da kurakuran rubutu. Doguwar kalma ba ta kawo maki in an sa ta inda ba ta dace ba. Ɗalibai da yawa kan rufe wasiƙarsu da "Kindly look into the matter", suna ganin sun gama. Jimlar daidai take, amma wanda ya roƙi a duba kawai, dubawa kawai za a yi masa. Ya fi kyau ya faɗi abin da yake nema: "We request that an officer be sent to inspect the culvert before the rains begin." In kuma zai yi amfani da "with a view to", ya tuna ita ma "-ing" take ja: "with a view to repairing it".

Nauyi mafi girma yana kan mai fassara, ko tafinta ne a kotu, ko ma'aikacin gidan rediyo, ko yaron da ke karanta wa dattawan Gidan Goga wasiƙa a gindin bishiya. Hausa tana da matakai: leƙawa, dubawa, nazari, bincike, bin diddigi. "Look into" ta fi kusa da "duba", kuma bai kamata a ɗaga ta zuwa "bin diddigi" don a faranta wa masu sauraro rai ba, balle a mai da ita "an yarda" ko "za a yi". Haka kuma a kiyaye lokaci: "will be looked into" za a duba ne, ba a fara ba, "is being looked into" ana kan dubawa, "has been looked into" an gama. Bahaushe ma yana bambanta "za mu duba" da "ma duba", ya san ta farko ta fi ta biyu nauyi. Mai fassara na gari zai faɗi abin da takarda ta ce, sa'an nan ya ƙara da abin da ba ta ce ba: "Baba, sun ce ana dubawa, amma ba su ambaci sunan kowa ba, ba su kuma sa rana ba."

Daga nan sai dattawa su san abin yi. Su sa a rubuta wasiƙa ta biyu cikin ladabi, a ambaci lambar wasiƙar hukuma da kwanan watanta, a yi godiya, sa'an nan a tambayi abu biyu: wane jami'i aka ɗora wa aikin, kuma yaushe za a ji sakamako. A ajiye kofe a gidan mai gari. Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne, kuma kayan da ba a rubuta sunan mai ɗaukarsa ba, a tasha yake kwana.